Wayar da Ba a Yanke Ba

Unguwar Gano, Tarauni, Kano.
Lahadi, tsakiyar Mayu.

Abban Sadiq,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da shanun da ka bar mu ka tafi yi wa allura. Ya sanyin Gembu? Ya ƙafar da ka ce ta kumbura? Mu nan lafiya ƙalau, Sadiq lafiya, Inna ma tana gaishe ka. Ba mu da damuwa sai zafi da jiran ruwa.

Ka dubi abin dariya. Kullum ina koyon yadda ake sa kwamfuta ta yi magana da 'yar'uwarta cikin ƙiftawar ido, amma in zan yi magana da mijina sai na je tasha na roƙi direban Jalingo ya riƙe min takarda. Tunda ka ce sai ka hau dutse kake samun sabis, ka haƙura ka karanta rubutuna.

Ka tambaye ni makarantar. Ɗaki ne babba a saman wani bene a Gyadi-Gyadi, ƙasansa mai gyaran fanka ne, shi ya sa namu fankokin ba sa aiki. Mai wurin Madam Clementina. A Kano aka haife ta, kuma Hausarta ta fi tawa zaƙi, don ni jami'a ta ɗan lalata min tawa. Gajera ce, tana ɗingishi saboda ciwon gwiwa, tabaranta na rataye a wuya da guntun waya. Akwai mataimakinta Rotimi, dogo mai shiru, shi yake hawa sama in za a ja waya a silin.

Ranar farko ta tambaye ni me na karanta. Na ce nazarin zamantakewa, har da ɗan ɗaga kai. Ta ce madalla, ashe na zo gida, don netwok na cikin gini unguwa ce. Kowace kwamfuta gida ce, kuma dole a ba ta lambar da babu mai irinta, in ba haka ba saƙon wani ya faɗa gidan wani. Akwatin da duk wayoyi suke haɗuwa a cikinsa, suwic, shi ne mai unguwa, ya san ƙofar kowa. Rawuta kuwa, na'urar da ke haɗa ginin da intanet, ita ce hanyar fita gari. Na yi shekaru ina rubuta jarrabawa a kan zaman tare, ban taɓa jin wanda ya bayyana shi a taƙaice kamar matar nan ba.

Daga nan ta kashe mana girman kai. Ta ba kowa waya da almakashi da abin matsewa. In ka fere wayar za ka ga 'yan sirara takwas a ciki masu launi, ruwan lemo da kore da shuɗi da ruwan ƙasa, kowanne da abokinsa mai ratsin fari. Sai ka jera su bisa ƙa'ida, ka daidaita bakinsu, ka tura cikin kan roba, ka matse. Nawa na farko ya yi kyau har na so in ɗauke shi hoto. Ta sa shi a na'urar gwaji, fitila ɗaya ta ƙi kamawa. Ba ta yi faɗa ba. Ta datse kan ta miƙo min, ta ce waya ba ta san ina da digiri ba, in sake. Farcen da na yi wata ina tarawa duk ya tafi.

Tana da dokoki, amma biyu take maimaitawa. Ta farko, in abu ya ƙi aiki a fara duba fitila kafin a fara zargin aljanu. Ta biyu, kada a yanke waya sai an ga ɗaya bakinta da ido. Ta ce duk wayar da ka gani a bango wani ne ya yi gumi ya ja ta, kuma yana da dalili, ko da bai tsaya ya gaya maka ba.

Jiya na leƙa Daurawa wurin Yaya Huraira. Ta rame, amma tana cin abinci. An daina zaman makoki, baƙi sun ragu, takaba ta fara zama takaba. Tana zaune a ɗaki da fararen kaya, ba kwalli ba turare, tana jin ƙarar injin shagon mijinta, marigayi Malam Ƙasimu, ta bango. Ta ce in injin ya tsaya gabanta faɗuwa yake. Allah ya jiƙansa. Ka sa ta a addu'a.

Ka riƙa sa safa da dare. Ka gaida Malam Abdulmalik abokin aikinka.

Taka,
Hafsah.

Unguwar Gano,
Juma'a, farkon Yuni.

Abban Sadiq,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Na ga takardarka, na ji daɗi da ƙafa ta saɓe. Ruwa ya sauka a nan, titin Gyadi-Gyadi ya zama kogi, masu Adaidaita sun zama sarakuna. Kowa lafiya.

Wannan karon ba labarin aji zan ba ka ba, maganar Yaya ce.

Ka san shagon buga takardu na marigayi da ke jikin gidansu, wanda yake fuskantar titi. Abin da yake riƙe shagon shi ne makarantun kuɗi na Tarauni da suke kawo tambayoyin jarrabawa a tsara musu a buga. Ba kowa suke ba ba. Malam Ƙasimu suke ba, don shi kaɗai yake bugawa da hannunsa kuma tambaya ba ta taɓa fita daga wurinsa ba. Baba Ɗan'azumi da ke kula da injin mutumin kirki ne, amma shi inji ya sani, ba rubutu ba. Shugabannin makarantun sun ce in Yaya ce za ta riƙe sun yarda, don wasunsu sun san ta tun tana budurwa tana bugu a shagon, inda marigayi ya gan ta. Jarrabawar ƙarshen zango kuma ta kusa.

Sai ga Alhaji Baballe, yayan marigayi. Ba zan ɓata shi ba, ba azzalumi ba ne. Mutum ne da tsoron haƙƙin marayu ya hana shi barci, kuma yake son ya hana kowa. Ya zo ya zauna a zaure, Yaya tana ciki, ni ina kai kawo tsakaninsu da magana. Ka ga an mai da ni waya tun ban gama koyo ba. Ya ce ba zai bar dukiyar marayu tana gudana babu idon ɗan gida a kanta ba. Ita ba ta fita, shi yana kasuwa, don haka ranar ashirin ga wata zai sa kwaɗo, a buɗe in ta fita takaba. Na koma na gaya mata. Ta juya ta dubi bangon. Ni da ita mun san makarantar da ta kai jarrabawarta wani shago ba ta dawowa. In an buɗe a watan Satumba, injin da shiru za a tarar.

Na kwana da abin. Da safe a aji, Madam tana nuna mana yadda kwamfutoci da yawa suke amfani da firinta ɗaya, sai na ji kamar an taɓa ni. Bayan an tashi na gaya mata komai. Ba ta ce min Allah sarki ba. Ta tambaye ni kaurin bango, da nisan ɗakin daga shago, da ko akwai kyamara. Na ce akwai wadda marigayi ya sa a saman ƙofa. Ta ɗauki jakarta ta ce mu je.

Dabarar mai sauƙi ce. A sa kwamfuta a ɗakin Yaya a haɗa ta da suwic ɗin shago. Tana zaune za ta tsara tambayoyi ta tura wa injin kai tsaye, ta ga duk abin da aka buga, ta kuma ga shagon ta kyamara. Na kai wa Alhaji wannan bayani. Ya ce in dai da gaske idonta zai kai, ya janye kwaɗo. Amma da sharaɗi: ba a raba gado ba, don haka ba wanda zai fasa bango ko ya huda shi, ko da ƙusa ce.

Mun gwada ba tare da waya ba. Ginin tsohon gini ne, bango bayan bango, sigina tana zuwa tsakar gida take mutuwa. A ɗakin Yaya hoton kyamara yakan tsaya cak, Baba Ɗan'azumi ya daskare da baki buɗe. Shagon ba shi da ƙofa ko taga ta baya. In an zagayo da waya ta titi kuwa, Madam ta ce 'yan jari-bola za su yi mana godiya kafin gari ya waye.

Abin da ya ba ni mamaki, ba ta tafi ba. Ta ce tunda mun zo, a gyara abin da ake iya gyarawa. Bayan teburin marigayi wayoyi ne a cukurkuɗe kamar taliyar da aka manta a tukunya, babu wadda aka rubuta wa suna. Ta zauna a kujera ta miƙe ƙafarta mai ciwo, ta sa ni na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina liƙa wa kowace suna a baki biyu: ta inji, ta kyamara, ta teburin gaba. Duk suka samu gida sai guda ɗaya, shuɗiya. Tana soke a suwic, fitilarta a mace, ta hau bango ta shige silin. Rotimi ya ce matacciya ce, ya ɗauko almakashi don a rage datti. Madam ta kira sunansa sau ɗaya kawai. Mutumin da ya fi ƙofa tsawo ya mai da almakashi aljihu kamar ɗan firamare.

Ta sa shi ya hau. Ya sauko da yanar gizo a gashi ya ce bangon baya ya kai har kwano, amma wayar ta shiga wani siririn bututu da aka binne a cikinsa, ta wuce ɓangaren gida. Iyakarsa ke nan. Namiji ba zai shiga gidan mai takaba ba, balle ya yi rarrafe a saman ɗakinta. Madam kuma gwiwarta ba ta hawa tsani. Sai na ga su biyun suna kallona.

Gobe zan hau. Kada ka rubuto ka hana, kafin takardar ta iso na sauko.

Taka,
Hafsah.

Unguwar Gano,
Litinin.

Abban Sadiq,

Ina gaisuwa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Matarka tana nan da ranta, ƙafa biyu hannu biyu, sai ƙujewa a gwiwar hannu. Na san abin da za ka fara nema ke nan.

Da hantsi muka je. Madam ta cire takalmi a ƙofar ɗaki, ta durƙusa da gwiwar nan tata ta yi wa Yaya ta'aziyya yadda ake yi, har da Allah ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari. Sannan ta miƙe ta koma Madam. Ta sa aka kashe wutar gidan gaba ɗaya daga mita. Ta duba wandon da na sa a ƙarƙashin doguwar riga, ta ce in ɗaure mayafi a ƙugu don kada ƙusa ta kama shi. Ta ce in taka katako kawai, in na taka silin zan sauko wa Hajiya Uwani a kan tabarma ba sallama. Hajiya Uwani gwaggon marigayi ce da ke taya Yaya zama. Tun da ta ga tsani take salati. Ta ce ita a zamaninta mace ko kan katanga ba ta leƙawa, wai wannan karatun ne ko gyaran kwano. Madam ta ce mata Hajiya ai gara mu hau da kanmu, in ba haka ba sai a kira maza. Nan take tsohuwa ta tashi ta riƙe min tsani.

Rotimi yana shago, ya maƙala wa shuɗiyar wayar wata na'ura da ke tura sauti a cikinta. Ni kuma aka ba ni 'yar sanda mai kuka in ta kusanci wayar. Na shiga ta ƙofar silin da ke kicin. Abban Sadiq, ban san akwai wuri irin wannan a cikin gidajen da muke kwana ba. Duhu, zafi kamar tanda, kashin ɓera, wayoyin lantarki da na dish sun bi ko'ina. Na yi tunanin takardar shaidar digirina da ke cikin akwati, na ce ina ma ta gan ni. Daga ƙasa Madam tana magana da ni ba tsayawa, ba don tana da abin faɗa ba, don ta ji ina amsawa. Sai daga baya na gane haka.

Sandar ta fara kuka a kusurwar gabas. Na haska, ga wayar nan ta fito daga bututu. Abin da na gani shi ya sa na daina jin zafi. Ba jefa ta aka yi ba. An bi da ita jikin katako a miƙe, an kama ta da 'yan maƙalai a tsare, an nisanta ta da wayar wuta, inda za ta yi kwana an lanƙwasa ta a hankali, duk yadda Madam take koya mana. Mutumin da bayan teburinsa yake kamar taliya, a nan inda ba mai gani ya yi aiki kamar za a zo dubawa. Na bi ta da rarrafe, ta wuce saman falo, ta wuce ɗakin yara, ta nutse cikin bango. Na ƙwanƙwasa silin a wurin na tambaya ina ne nan. Muryar Yaya ce ta amsa daga ƙasa. Ta ce ɗakinta ne.

Na sauko kamar wadda aka tono. Wurin ya faɗa daidai bayan babbar wadirof ɗinta. Mu huɗu muka tura ta, har da Hajiya Uwani da ke cewa a yi a hankali da madubi. A bayanta, ƙasa kusa da siminti, ga 'yar farar soket ta netwok, sabuwa fil, ko ledar fuskarta ba a ɓare ba.

Yaya ta zauna a bakin gado. Ta ce shekaru Malam yana ce mata zai jawo mata waya har ɗaki ta koma bugu, don hannunta ya fi nasa sauri. Ita kuma kullum tana ce masa ya bari yara su yi wayo, ya bari a yaye wannan, ya bari bayan Sallah. Ta ce lokacin da ta tafi wankan gida na autarta, ta dawo ta tarar an matsar da wadirof, ya ce mata fenti ya sake. Bai ƙara tayar da maganar ba. Ashe ya ja, ya rufe, yana jira ta ce to.

Ban san inda zan sa idona ba. Madam ce ta cece mu. Ta ba ta lokaci daidai gwargwado, sannan ta ce a mai da wuta, ta miƙo min guntuwar waya da kawuna biyu ta ce in haɗa. Na jera launukan, na matse. Ta sa a na'urar gwaji, fitilu takwas suka bi juna ba wadda ta yi gardama. Ba ta yaba ba, ta dai miƙo min. Na soka baki ɗaya a bango, ɗaya a kwamfuta. Kafin in miƙe wayar Madam ta yi ƙara, Rotimi ne daga shago. Mutumin da ba ya magana, ihu yake: fitilar shuɗiya ta kama.

Na ba kwamfutar lambarta, na nemo injin, na nemo kyamara. Sai ga shago a gaban Yaya, tas, Baba Ɗan'azumi yana sosa ƙeya bai san ana kallonsa ba. Kujerar marigayi tana gefe ba kowa. Ta kalla, ta share ido da bakin mayafi, ta ce in matsa. Ta ja allon bugu gabanta. Yatsunta ba su manta ba.

Na gaji, bayana kamar an daka. Sauran sai wani jiƙon.

Taka,
Hafsah.

Unguwar Gano,
Asabar, tsakiyar Yuli.

Abban Sadiq,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Na ga faɗan da ka rubuto a kan hawa silin, ya iso lafiya, na karanta, na adana shi wuri mai kyau.

Alhaji Baballe ya zo da kwaɗonsa a aljihu ranar da ya ɗiba. Bai yarda da bayani ba, sai da ya zagaya bangon ciki da waje yana shafawa yana neman sabon siminti. Da bai samu ba ya tsaya a tsakiyar shago ya ce to a gwada, in tana gani ta faɗi abin da ke hannunsa. Na kira ta a waya na gaya mata. Ko minti ba a yi ba injin ya tashi da kansa ya turo takarda. Baba Ɗan'azumi ya miƙa masa. An rubuta: Yaya Baballe, carbi ne da kwaɗo, Allah ya saka da alheri a kan kula da marayu, a mai da kwaɗon gida. Ya karanta, ya juya bayan takardar, ya ɗaga kai ya dubi kyamara. Ya tambaye ni wa ya ja wayar. Na ce ƙaninsa. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya ce Ƙasimu tun yana yaro haka yake, ba ya faɗa sai dai a gani. Ya fita da kwaɗonsa bai ko yi sallama ba.

Makarantu sun kawo aikinsu, guda ɗaya ce kawai ta riga ta tafi. Yaya tana bugu daga safe zuwa la'asar, ta tashi ta yi salla ta koma. Har yanzu fararen kaya, har yanzu ba ta taka zaure ba. Hajiya Uwani ta mai da kyamara talabijin, tana zaune tana ba da rahoton wanda ya shigo ba sallama.

Ni kuwa an ba ni aiki na farko da zan yi ni kaɗai, wani ƙaramin asibiti a Tarauni, kuma Madam ta ce ba za ta zo ba sai na gama. Na gode mata a kan Yaya, na ɗan tsawaita, ka san ni da jawabi. Ta katse ni ta ce ita ba abin da ta yi, almakashi kawai ta hana. Sannan ta ce akwai aikin da na bari, in koma in gama: shuɗiyar wayar har yau ba ta da suna.

Na koma jiya da abin liƙawa. Na tambayi Yaya me zan rubuta, ɗakin Yaya ko cikin gida. Ta karɓi biron ta rubuta da hannunta, ɗaya na bakin shago ɗaya na bakin ɗaki. Duka biyun ta sa: Ta Malam.

Ka dawo da wuri. In ka zo kada ka yi mamakin ganin tsani a tsakar gida, nawa ne.

Taka har kullum,
Hafsah.